Tsohuwar Marsandi da Lamirin Mai Ita

A wannan fitowa zan yi maganar mota, kuma ina roƙon dattawanmu kada su yi saurin juya shafin, gama ba tallar mota zan yi ba, ba kuwa koyar da kanikanci ba. Tambaya ce ta daɗe tana damuna, ga ta kuwa: ko daidai ne mutum mai matsakaicin samu ya riƙe motar da tun asali aka ƙera ta domin mai arziki, don kawai ta tsufa farashinta ya sauko daidai aljihunsa? Na zauna da wannan tambaya shekara 12, domin tsawon lokacin ke nan da na yi ina riƙe da irin wannan mota.

Ina saurayi, wajen ƙarshen shekarun 1980, na fara ganin motar nan ta Mercedes-Benz da 'yan Nijeriya suka laƙaba wa suna V-Boot, saboda murfin but ɗinta ya sauko a tsuke tsakanin fitilun baya kamar harafin V. Wani babban ma'aikacin gwamnati ne ya zo da ita ƙauyenmu ranar da aka yi taron neman gudummawar ginin majami'a. A lokacin idan aka ce motar manya, Peugeot ake nufi, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Amma wannan dabam take. Abin da ya zauna mini a rai ba ƙyallinta ba ne, ƙarar rufe ƙofarta ce, wadda ta fito a dunƙule kamar an rufe akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Ran nan na ce wa kaina, in Allah ya ja kwana sai na rufe irin wannan ƙofa da hannuna.

Allah kuwa ya ja kwanan. A 2012 na sayi ɗaya, ƙirar 1994, mai silinda 6, wadda ta shigo ƙasar nan ta hanyar Kwatano kamar yadda yawancin motocin da muke kira Beljiyam suke shigowa kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Shekarunta 18 a ranar da na karɓi makullinta. Kuɗin da na biya bai kai na ƙaramar Toyota mai rabin shekarunta ba, na kuwa koma gida ina ganin na yi wa duniya wayo.

Bari in fara da ba motar haƙƙinta, domin ba na so a ɗauka baƙin ciki ne ya sa ni rubutu. Kamfanin ya fito da wannan samfuri a ƙarshen 1984, ya ci gaba da ƙera shi har tsakiyar shekarun 1990, aka yi fiye da miliyan 2 da rabi. A Jamus da yawa daga cikinsu tasi aka yi da su, suka ci dubban ɗaruruwan kilomita. Waɗanda suka zana ta sun yi aikinsu da tsoron kunya. Mashafin gilashinta guda ɗaya ne, amma an yi masa dabarar da yake miƙewa ya kai kusurwoyi. Kowace ƙafar baya tana rataye da hannuwa 5, shi ya sa take lafewa a kan hanya ko a kwana mai kaifi. Wanda ya taɓa sauko da Hawan Kibo a cikinta da damina ya san abin da nake faɗi. Ƙaunar aikin da aka yi shi da kyau ba zunubi ba ne. Wanda ya ba maƙeri da masaƙi da magini hikimarsu, shi ne ya ba injiniya tasa, kuma mutumin da ba ya iya yaba kyakkyawan aiki akwai abin da ya mutu a cikinsa. Haka nan gyara tsohon abu a ci gaba da mora maimakon a yar, hali ne da iyayenmu suka rayu a kai. Su ne masu ɗinke ƙwarya in ta tsage, masu kai tukunya a liƙe.

To, ina matsalar take? Tana nan a wani abu da ban gane ba sai da na shiga ciki. Farashin mota yana tsufa, amma cikinta ba ya tsufa. An ƙera ta ne domin mutumin da zai iya sake mata duk abin da ta nema ba tare da ya duba aljihu ba, kuma ko ta shekara 30 a kan wannan ma'auni za ta riƙa nema. Ni na saye ta da kuɗin malamin makaranta, ita kuwa ba ta taɓa jin labarin cewa ta sauya gida ba. Hannuwan nan 5 da na yaba, kowannensu yana da robobinsa, kuma hanyoyinmu ba sa barin roba ta daɗe. Motocin kamfanin na farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu an naɗe wayoyin injinsu da wata irin roba da zafi ke sa ta bushe ta riƙa marmashewa, har wayoyi su haɗu su ƙona akwatin da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Tawa ta yi haka a shekara ta biyu. Injinta kuma irin wanda aka sani da tsiyayar baƙin mai ta gefen gaskit ne. Na san hanyar Dilimi kamar hanyar gidanmu. Abin da ba a samu a can ba a aika Panteka a Kaduna, in ya gagara a jira ɗan kasuwa ya taho da shi daga Ladipo a Legas. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ji Hausawa. Ni dai na saya ban duba ƙasanta ba.

Ubangijinmu ya ba da misalin mutumin da ya tashi gina hasumiya bai zauna ya yi lissafi ba, ya kafa tushe ya kasa gamawa, ya zama abin dariya. Na yi wa'azi a kan wannan misali ba sau ɗaya ba, ban taɓa tunanin hasumiyar tana iya zama mai taya huɗu ba.

Amma kuɗi shi ne ƙaramin ɓangaren zancen. Babban shi ne gaskiya. Mota irin wannan tana magana a madadin mai ita tun kafin ya buɗe baki. Idan na isa wurin biki, masu tsaron ƙofa sukan buɗe mini ba tambaya, a nuna mini inuwa, a kai ni kujerar gaba. Ban ce wa kowa ni mai kuɗi ba ne. Tauraron da ke kan hancin motar ne ya faɗa, ni kuwa na yi shiru. Shekara da shekaru ina kare kaina da cewa ban yi ƙarya ba, tun da ban furta kome ba. Sai dai lamirina ya riƙa tambayata: in wani ya ba da shaidar zur a kanka, shaidar kuwa ta amfane ka, kana ji kana jin daɗi ba ka gyara ba, hannunka a wanke yake? Na lura da kaina sarai. Akwai ranakun da zan iya hawa Keke NAPEP in isa da wuri, amma in ɗauki motar domin akwai waɗanda nake so su gan ni ina fitowa daga cikinta. A irin waɗannan ranaku ba injiniyan Jamus nake girmamawa ba.

Shaidar zur ɗin kuma ba kyauta take zuwa ba. Dangi a ƙauye suka ɗaga abin da suke sa rai daga gare ni. A taron gudummawa, in an kira sunana, sai in ji kunyar faɗin abin da ƙarfina ya kai, in faɗi abin da ya dace da motar, sa'an nan in yi wata uku ina biya. Mai faci ma yakan dubi tauraron kafin ya faɗi kuɗinsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Girman da na ara daga motar kullum sai ya bar wani wuri a buɗe.

A nan dole in tsaya in yi adalci ga ɗaya gefen, domin na ga 'yan'uwa suna yanke hukunci da ka. Sau da dama a cikin ikkilisiya, in fasto ko dattijo ya zo da tsohuwar Marsandi ko tsohuwar Lexus, sai a fara raɗa cewa duniya ta shiga masa kai, ko a ce a duba asusun baiko. Wani kuwa ya zo da ƙaramar mota sabuwa wadda kuɗinta ya ninka na waccan sau goma, a ce ga mai tawali'u. Wannan jahilci ne, kuma zalunci ne. Wasiƙar Yakubu ta tsawata wa masu ba mai kyakkyawar riga wuri mai kyau su bar matalauci a tsaye. Mu mun iya yin laifin ta fuska biyu: mu girmama mutum saboda motarsa a gabansa, mu ci namansa saboda ita a bayansa. Na san wani dattijo, tsohon direban babbar mota, da yake riƙe da irin tawa fiye da shekara 20. Shi yake gyara abinsa da hannunsa ranar Asabar, ba ya bin kowa, ba a binsa, kuma babu mara lafiyar da za a buga masa ƙofa da tsakar dare ya ƙi kaiwa asibiti. Motarsa da tawa iri ɗaya ne, shekararsu ɗaya. A hannunsa baiwa ce, a hannuna uwargijiya. Saboda haka ban yarda a kafa doka a ce irin wannan mota haram ce ga mai bi ba. Abin tambaya shi ne wa yake biyan kuɗinta, kuma ko an nemi yardarsa.

Wannan ya kawo ni ga uwargidana. Tun watan farko ta sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta riƙa shigar da duk abin da motar ta ci: fetur, baƙin mai, fulogi, batir, taya, ladan makanike, har kuɗin jan ta da igiya. Ba ta yi mini gori ba, rubutu kawai take yi. Ni kuwa na tsani littafin nan fiye da yadda zan tsani faɗa, domin faɗa ana iya amsa shi. Wata shekara, mako biyu kafin a koma makaranta, lagireto ya fashe mana a kan hanyar Akwanga, injin ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Na ɗauki kuɗin makarantar 'yarmu ta biyu na gyara, da niyyar mayarwa in an yi albashi. Yarinyar ta yi kwana 9 a gida. Da daddare uwarta ta ce mini, "Maigida, ban hana ka abin da ranka yake so ba. Amma ka gaya wa yarinyar nan da bakinka dalilin zamanta a gida, don ni na gaji da cewa ana nan ana shiri." Ban iya ba. Abin da mutum ba zai iya bayyana wa 'yarsa mai shekara 13 ba, da wuya ya zama daidai.

Duk da haka ban sayar ba, kuma dalilin ya cancanci a dube shi, gama ba ni kaɗai yake kamawa ba. Kowane gyara sai ya zama hujjar yin na gaba. Nakan ce, yanzu da na sake wayoyi na sake gaskit, ai wauta ce in bar wa wani ya ci moriyar. Watau kuɗin da ya riga ya tafi, wanda ba zai dawo ba ko na riƙe ko na saki, shi ne yake ba da umarni a kan kuɗin da bai tafi ba tukuna. Haka mai caca yake tunani. Haka kuma wani yakan ci gaba da shari'ar gona shekara 15 bayan kuɗin lauya ya wuce kuɗin gonar. Mukan kira shi haƙuri ko naci, alhali sau da yawa ƙin amsa kuskure ne kawai.

Akwai kuma waɗanda suke biya ba su ma san suna biya ba. In aljihu ya gaza, sai a fara rage wa motar haƙƙinta: a sa tsohuwar taya 'yar Beljiyam da ta gama kwananta a Turai, a ɗaga gyaran birki zuwa wata mai zuwa, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a bar makanike ya cire matatar hayaƙin nan ta cikin salansa da suke kira indomi. Motar da ta fi tan ɗaya da rabi nauyi, tana gudu da tayar da ba ta da tabbas, ba mai ita kaɗai take sa wa rai cikin hatsari ba. Da matan zumunta da ya rage wa hanya, da yaron da ke tallar ayaba a bakin titi. Wannan na yi shi, ina kuwa jin kunyarsa fiye da batun kujerar gaba.

Abin da lamiri ya kasa, tattalin arziki ya yi shi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Tankin motata lita 70 yake ci. Kafin ranar, da kimanin naira 13,000 nake cika shi in an samu mai a farashin gwamnati. A ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000, cika shi ya koma naira 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin wata da aka sa wa hannu a Yulin shekarar. Kayan gyara kuma da dala ake shigo da su, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Motar ta koma fita ranar Lahadi kaɗai, daga baya Lahadin ma sai an duba. Ban ɗauki wannan a matsayin tuba ba. Wanda yunwa ta sa shi azumi ba shi da ladan azumi.

Jarrabawar gaskiya ta zo ne wajen sayarwa. Dillalin da na kira ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ranka ya daɗe, a wanke injin tas, a zuba mai mai kauri don tsiyayar ta lafa kwana biyu, sauran ka bar mini. Kai dai kada ka yi magana." Ya ƙara da cewa haka kowa yake yi, haka ma aka yi mini, wanda kuwa gaskiya ne. Ana cikin haka sai ga wani saurayi daga ikkilisiyarmu, malamin sakandare, yana shirin aure, ya ji labari. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, tun ina makarantar Lahadi nake kallon motar nan. Ƙungiyarmu ta malamai za ta ba ni rance." Ya buɗe ƙofar ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, yana murmushi. Na san abin da kunnensa yake ji.

Ga kuɗi a hannu, sun fi abin da dillali ya yi mini alkawari, ba kuwa la'ada. Ba sai na yi ƙarya ba, shiru kawai zan yi, irin shirun da na saba. Littafin Karin Magana ya ce Allah yana ƙyamar ma'aunin algus, kuma a ganina shirun mai sayarwa a kan aibin da ya sani, mudu ne da aka buga wa gindi. Na shiga ɗaki na roƙi uwargida littafin nan da na tsana, na miƙa masa. Na ce, "Ɗana, zauna ka karanta wannan tukuna, daga farko har ƙarshe." Ya karanta. Na nuna masa inda mai yake tsiyaya, na gaya masa giyar tana jinkirin shiga da safe, na'urar sanyaya ciki kuma ta mutu tun shekara uku. Ya ce duk ya ji, yana so a haka.

A nan na yi abin da har yau ban tabbata daidai ne ba: na ƙi sayar masa. Na ce ba zan karɓi kuɗin rance daga hannun mai shirin aure a kan wannan mota ba. Wani abokina fasto ya ce na wuce gona da iri. A ganinsa haƙƙin da ke kaina shi ne in faɗi gaskiya, na kuwa faɗa. Bayan haka saurayin baligi ne, yana da ikon yin zaɓinsa har da kuskurensa, kuma hana shi wani irin girman kai ne, kamar ni kaɗai na cancanci in yi mafarki in farka. Maganarsa tana da nauyi. Amsar da nake da ita kawai ita ce, akwai wata yarinya da za ta shiga gidan nan ba a tambaye ta ba, ni kuwa na riga na ga yadda irin wannan lissafi yake ƙarewa a kan wanda ba shi ya ci bashin ba. Ban iya zama hannun da zai miƙa makullin ba. Ko wannan ƙauna ce ko kuwa tsoron ganin motar kowace Lahadi a ƙofar majami'a tana tuhumata, ban iya rabe su sarai ba.

A ƙarshe makaniken da ya yi shekara 12 yana kwance ƙarƙashinta shi ya saya, da ragin kusan kashi ɗaya cikin uku. Babu abin da zan ɓoye masa, ya fi ni sanin cikinta. Ya ce, "Oga, ni ba sai na biya kowa ladan gyara ba." Uwargida ta ja layi a ƙarƙashin shafin ƙarshe, sauran shafukan ta mai da su na lissafin kajinta.

Saurayin ya yi wata biyu yana gaishe ni daga nesa. An ɗaura auren, mun je a motar maƙwabci, masu tsaron ƙofa suka nuna mana wuri can baya cikin rana. Da aka tashi sai na ga an fito da amarya da ango a wata V-Boot baƙa, an yi mata ado da furanni. Ashe ya je Kaduna ya sayo wata. Na tambaye shi kwanan baya yadda take, ya ce, "Baba, lafiya lau, ko fulogi ban sake ba tukuna." Na ce madalla, na kuma roƙe shi abu ɗaya, ya bar matarsa ta sayi littafin rubutu.